Muryar Malam Amadu a Kwamfutar Munzali

Duk mai bin hanyar tashar Daura ya san shagon Munzali, ɗan ƙaramin shagon caji da gyaran waya da turin waƙoƙi da wa'azi a memori. Injiniya ake ce masa, kuma bai taɓa cewa a daina ba. A gaskiya hannunsa na da kyau. Wayar da ta faɗa randa ma idan aka kawo masa sai ta yi magana. Aibinsa ɗaya ne, Munzali ba ya iya cewa "ban sani ba", ba ya kuma iya cewa "ban yi ba tukuna". Ko za a yanka shi.

Haifaffen Sandamu ne, auta a ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, don haka yayarsa Haulatu ce ta goye shi, da aka yi mata aure a Daura kuma ta taho da shi. Mijinta Malam Amadu, falken shanu da raguna, shi ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, shi ya kai shi Kano koyon gyaran waya da ya gama sakandare.

Malam Amadu ba ma'abocin rubutu ba ne, saƙon murya ne nasa. Daga karar Mai'aduwa, daga Mashi, daga saman tirela a hanyar kudu, kullum sai ya aiko gida da magana, shanu na kuka a bayansa. In ya dawo kuwa sai ya ɗora autarsa Rauda a cinya ya sa a ɗauke su bidiyo. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai tashi ba. Rauda lokacin ko "Baba" ba ta gama iya faɗa ba.

Wayar Haulatu ta riga ta ɓata a gidan wani biki tun kafin rasuwar, sai 'yar ƙarama take riƙewa. Saboda haka duk abin da ya rage na muryar mamacin yana cikin wayarsa, ita kuma ta shiga kayan gado, za a sayar a raba. Tana cikin takaba ta aika aka kira ƙanenta.

"Munzali, ka kwashe min maganganun Malam ka sa min a memori. Yarinyar nan in ta yi wayo ta ji muryar ubanta."

"Haba Yaya, memori? Ai wannan kayan yara ne, yau yana aiki gobe ya ci kansa. Ki bar min. A kwamfuta zan sa, sannan akwai manhajar bakof da za ta riƙa kwafe komai da kanta tana ajiyewa a wani akwati daban. Wuri biyu ke nan."

"To, kai ka san wannan. Amana ce dai."

Ya kwashe komai ya zuba a kwamfutarsa, cikin wata folda da bai ko tsaya raɗa mata suna ba don mutane sun cika shago. Ya goge wayar tas da hannunsa aka kai ta kasuwa. Akwatin ajiyar ma ya sayo shi, ɗan baƙi kamar sabulu, ana jona shi da kwamfuta. Manhajar ce dai da ya zo girkawa ta ƙi hawa. Ta yi rabi ta tsaya, ta watso masa jan rubutu. Ya ja tsaki ya ce sai gobe.

Goben nan ta ci damina ta ci rani, ta sake cin wasu daminun biyu. Duk sanda Haulatu ta tambaya amsa ɗaya ce: "Suna nan Yaya, wuri biyu." Ƙarya ce tsagwaronta, ya kuma san ƙarya ce, sai dai bakin ya saba.

Ran nan sai kwamfutar ta fara wani ƙas-ƙas a cikinta, tana sandarewa. A makon ne kuma Haulatu ta kira ta ce Rauda ta dawo daga Islamiyya tana kuka, yara sun ce mata ba ta da uba. Ranar Juma'a za ta kawo ta ta ji muryarsa.

Ranar Alhamis da hantsi ya ja ƙofar shagon rabi, ya zauna ya ce yau ko shi ko manhajar nan. A nan kam dole a yaba masa. Ya karanta jan rubutun, ya gane agogon kwamfutar ne ya koma shekarun baya saboda ɗan batirin cikinta ya mutu, manhajar kuwa ba ta yarda da kwanan watan da bai yi daidai ba. Ya gyara. Ta ɗan matsa ta sake tsayawa. Antibairos ne ya tare ta yana ɗaukarta ɓarauniya, ya kashe shi. Ta sake tsayawa, wai akwai guntayen tsohuwar girkawar da ba ta ƙarasa ba. Ya bi su lungu-lungu ya tsince. Zufa ta jiƙa masa riga, masu karɓar caji sai buga ƙofa suke yana daka musu tsawa.

Saura ƙiris ta cika, sai ta ce babu isasshen wuri a kwamfutar.

"Wuri kike so? Yanzu kuwa za ki samu!"

Ya jera foldoji daga babba zuwa ƙarama. Finafinan Indiya na fassara bai taɓa su ba, su ne abincinsa. Ya hango wasu manya marasa suna, irin tarkacen da yake kwashewa daga wayoyin mutane kafin gyara. Ya haɗa su ya goge. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce e, kamar yadda yake ce mata kullum ba tare da ya duba ba. Ya shiga kwandon sharar kwamfutar ya zazzage shi.

Manhajar ta hau lafiya lau. Kore shar! Ya jona akwatin, ta shiga kwafe kaya, ya miƙe ya yi miƙa har ya aika a sayo masa fura. Sai da ta gama bayan la'asar ya ce bari ya buɗe ya ji daɗin ganin amanar Yaya a wuri biyu.

Finafinai suna nan a wuri biyu. Waƙoƙi suna nan a wuri biyu. Malam Amadu ba ya ko ɗaya.

Innalillahi. Ya duba, ya sake dubawa. Ya nemo manhajar dawo da abin da aka goge, ita kam ba ta yi masa gardama ba wajen hawa. Amma sabon kayan da ya girka sun riga sun zauna a kan gurbin tsofaffin. Bidiyo duk sun fito a farfashe, ba wanda ke buɗuwa. A cikin muryoyin guda ɗaya ce ta yi motsi: kukan shanu, hayaniyar kara, wani gyaran murya, sai shiru. Garin gyaran gira an rasa ido. Abin da ya fi cinsa shi ne, tun ranar farko da ya ja foldar nan da hannu ya jefa a akwatin, ko a memorin da ya raina, da kafin shayi ya huce an gama. Bai yi ba saboda wannan kowa ma ya iya, shi kuwa Injiniya ne.

Ya yi tunanin rufe shago ya ce ya tafi Kano. Ya yi tunanin cewa wuta ce ta ƙona kwamfutar. Har ya tsara yadda zai faɗa. Da aka sauko daga masallaci ranar Juma'a ya gan su tafe, Haulatu da hijabinta, Rauda an yi mata kitso da lalle kamar mai zuwa gaida baƙo, sai ya kasa furta ƙaryar.

"Kawu, ina Baba?" in ji yarinyar, tana leƙen kwamfutar.

Munzali ya durƙusa a gaban yayarsa, a cikin shagonsa, a gaban masu jiran caji.

"Yaya, babu su. Ni na goge da hannuna jiya. Kuma wuri biyun da nake ce miki, ban taɓa yi ba."

Da ta zage shi da ya samu sauƙi. Da ta kwaɗa masa mari irin na lokacin da yake yaro, da ya gode. Ba ta yi ba. Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta sa bakin hijabi ta share kafin yarinyar ta gani.

"Ba ko ɗaya?"

Ya kunna mata guntun. Shanu suka yi kuka, aka yi gyaran murya. Haulatu ta runtse ido. "Shi ne," ta ce a hankali. "Haka yake yi in zai yi sallama."

Rauda ta tsaya tana jiran sauran. Da ta ji shiru ta juyo. "Me ya ce?"

Haulatu ta dafa kanta. "Tambayi kawunki. A gabansa ya girma, ya san yadda yake kiranki." Ta dubi ƙanenta. "Faɗa mata, Munzali. Yadda yake faɗa."

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi gyaran murya, ya kumbura ta irin ta mutumin da ya saba magana a tsakiyar shanu, ya ce, "Ina Raudata, 'yar gidan Baba? Me aka ajiye min?" Muryar ta karye masa a tsakiya.

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. "Ƙara, Kawu!"

Ya ƙara.

Shagon yana nan har yau, manhajar ma tana nan tana aikinta, ba ta sake ba shi matsala ba. In ka kai masa waya za ka ga ya tsare ka sai ya kwafe kayanka a memori ya kunna ka ji da kunnenka, ko kana sauri. In ka ce masa Injiniya sai ya sunkuyar da kai ya ce sunansa Munzali. Duk Juma'a kuma Rauda na zuwa da kitsonta, ta zauna a kan benci, ta ce, "Kawu, yi min Baba."