Ranar da Bawa Dillali Ya Yi Cinikin Sha'ibu

Sha'ibu na Allakaye, Allah ya ba shi tafin hannu kamar faifai. Tun shina goye uwarsa ke zuwa da shi aikin jera duwatsu wajen Keita, shi ya sa taubasansa ke rantsuwa da tsakuwa anka yaye shi. Gonar da ya gada fako ce, akuya ma in ta ratsa ta sai ta fito da kuka. Shi ya bi ta layi-layi da dutse, ya tare mata ruwa, har ta soma ba da gero. In anka ambaci gonar nan a hira, sai ya gyara zama kamar an kira sunan surukinsa.

Kowace kaka, da an zuba hatsi a rumbu, sai ya saɓa jaka ya tafi cin rani kamar kowane namijin Adar. Wata shekara Agadas, wata Abijan. Amma hadarin fari kullum a gida yake iske shi.

Ana nan sai Saifullahi, mai shago a Buza wanda ya taɓa zama ƙasar Larabawa, ya aika wa tsohon patron ɗinsa, wato ubangidansa na can, bidiyon aikin Sha'ibu. Patron mai gonar dabino ne a gindin dutse, ya gani ya ce wannan mutum yake nema. Sai dai kuɗin biza, da na lokotoro mai awon lafiya, da biye, wato tikitin jirgi, duk ma'aikaci zai biya.

Nan Sha'ibu ya tirje. Ya ce a Adar wanda ya kira ka gonarsa shi ke kawo fura, yaya shi zai biya don a bar shi ya ɗauki duwatsun wani? Anka yi ta aika saƙon murya har wayar Saifullahi ta soma zafi kamar tanda, patron bai rage ko dala ba. Kuɗin kuwa babu inda za su fito sai an jinginar da gona. Sha'ibu ya daina cin tuwo, wato ya koma kwano biyu.

Matarsa Furera ce ta ce a nemo kawunta Bawa, dillalin bisashe a kasuwar Buza, wanda tunda yake ba a taɓa maido masa dabba ba.

Ran kasuwa anka haɗu a inuwar shagon, Saifullahi ya kira patron ta bidiyo, shina fassara. Bawa ya gyara rawani, ya tambaya wa ke saye, wa ke sayarwa. Da anka yi masa bayani sai ya girgiza kai.

"To ai mu ke da kaya. Ɗana, tashi tsaye."

Ya juya Sha'ibu gaba da baya a gaban waya. Ya buɗe masa baki ya nuna haƙora, ya bubbuga ƙwaurinsa, ya sa shi ya ɗaga dutsen da ake tokare ƙofar shago da shi, wanda anka ce jaki biyu sunka jawo shi. Patron ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce zai biya rabi.

"Albarka," in ji Bawa. Ya ja Sha'ibu da hannun riga, sunka juya baya sunka kama hanya.

Ƙafafun Sha'ibu na tafiya, zuciyarsa na can cikin wayar. Ya yi raɗa ya ce, "Kawu, in bai kira ba fa?" Bawa ya ce ya yi shiru, kaya ba ya magana. Ba su kai rumfar masu goro ba Saifullahi ya ɗaga murya: patron ya ɗauki biza, da lokotoro, da jirgi, duka.

Da nan anka tsaya, da yanzu Sha'ibu na can. Amma a kasuwar bisashe ba a shafa ciniki sai dillali ya faɗi aibin dabba. Saifullahi ya yi ta ƙyafta ido kamar ƙwaro ya faɗa masa, Bawa ya ce ya fassara kawai. Na ɗaya, kayan na munshari. Na biyu, in babu fura da hantsi ba ya motsi. Patron ya ce duk ya ji ya gani. Na uku, da an yi ruwan fari zai koma gida shuka.

Dariyar patron ta ɗauke. Ya ce shekara biyu cur zai biya wa biza, babu zuwa ko'ina. In Sha'ibu na son zuwa gida kowace damina, to ya biya komai da kansa.

Sha'ibu ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Shi tunda anka haife shi bai taɓa jin aikin da ke ƙetare damina ba.

"Malam Saifullahi, tambaye shi, su can yaushe suke shuka?"

Anka ce can babu damina. Sha'ibu ya tausaya musu ƙwarai. Sannan ya tsaya ya duba lamarin. In ya biya da kansa, gona ta tafi jingina, zai riƙa hawo jirgi ya zo ya shuka wa wani. In patron ya biya, damina biyu babu mai gyara layin dutse, ruwa zai kwashe ƙasar ya kai wa mutanen kwari kyauta.

"Kawu," ya ce a hankali, "ce mishi albarka."

Bawa ya faɗa, sunka sake juya baya. Wannan karon har sunka wuce masu goro babu wanda ya kira.

Ranin nan a Madawa Sha'ibu ya yi shi, shina loda buhunan albasa a kamiyo, babbar motar kaya. Taubasai sun sa masa suna Kwantai, kayan da anka taya ba a saya ba. Bai damu ba. In shina ba da labarin yanzu, patron kuka yake yi cikin waya, shina roƙo. A faɗin baya-bayan nan har jirgi guda anka ce za a aiko masa, ya sauka a filin ƙwallon Allakaye.