Wa Zai Ciza Mini Shinkafa?

Sana'ata gumin shinkafa, kuma da haƙori nake yin ta. A sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, a jiƙa ta, a turara a rabin duro, a baza a kan tamfol a rana; wannan kowace mace a Kura ta iya. Inda ake shan bamban shi ne sanin lokacin kwashewa. In aka kwashe da sauran danshi, inji ya dagargaza ta. In ta wuce bushewa, ta fito a kakkarye, 'yan kasuwa su taya ta kamar tsakin kaji. Ni kuwa ƙwaya ɗaya nake ɗauka in ɗora a haƙoran gaba in ciza. In ta ce ƙas, ta yi. Haka nake yi tun ina budurwa a gaban mahaifiyata har na aurar da ɗana.

Haƙoran ciki sun daɗe da yi mini sallama, wani ciwo ya ci, wani goro. Ban damu ba, tuwo ba ya neman tauna. Na gaba su ne jarina. To a shekarun da wayar salula ta fara shigowa garinmu, wata safiya bayan an sha ruwan sama, na ɗauko rabin buhu a ka zan tsallake ƙaramar gadar kanal, wato magudanar ruwan noman rani, santsi ya kwashe ni, na kifa baki a kan siminti. Na tashi da haƙoran sama a tafin hannu, ragowar da ke girgiɗi aka cire a asibiti. Na ƙasa suna nan lafiya lau, sai dai ba su da abokin gamuwa.

Da bakin ya warke na koma shanya. Na sa ƙwaya tsakanin dasashi da haƙoran ƙasa na danna, ban ji komai ba sai zafi da ɗanɗanon jini. Na murza a hannu, na yi kirdado, na aika inji. Shinkafa ta dawo a kakkarye. Mai injin, wanda ya san aikina shekara da shekaru, ya aiko yana tambaya wa ya yi mini wannan shanyar. Hajiyar da ke saye a wurina tana kaiwa Kano ta juya shinkafar a tafinta, ta ce wannan karon ta ɗauka don mutunci. Na gane abin da ba ta faɗa ba. Ranar na tsorata ƙwarai, don tun rasuwar maigidana ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma ba na so in fara a kan ɗana.

Sai na tuna a gidan akwai haƙora zaune ba aikin fari balle na baƙi: na matar ɗana. 'Yar birni ce, mai ladabi har ya yi yawa, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Na kira ta na ba ta ƙwaya, ta durƙusa can nesa, ta juya baya ta ciza.

Na ce, "Ta yi?"

"Ta yi, Inna."

"Anya? Ni kamar da sauranta."

"E, da sauranta, Inna."

Da na ce mata shinkafar nan gero ce, da ta ce gero ce, Inna. Kunyar suruka abu ne mai kyau, amma ba ta busar da shinkafa.

Ɗana ne ya kawo zancen haƙoran roba. Na kai maganar wurin shanya, matan da muke shanya tare kuwa kamar jira suke. Wata ta rantse na matattu ne ake wankewa a sayar. Wata ta ce ƙanin mijinta ya yi atishawa a bakin kanal nasa suka yi tsalle cikin ruwa, ƙila yanzu suna Bunkure. Wata ta ce a barci ake haɗiye su. Duk na ji, wasu sun shige ni, amma tambayata guda ce, kuma ba wadda ta san amsarta: za su ciza shinkafa?

Muka hau mota zuwa Kano, ni da matar ɗan nawa, don shi yana gona ana dashen tumatir. Likitar mace ce, ta leƙa bakina da 'yar fitila, ta nuna mini irin haƙoran a tafin hannunta. Da na kawo mata zancen matattu ta yi dariya, ta ce roba ce zalla ake zubawa daidai bakin mutum. Ta ce leɓena zai tashi, magana ta daidaita, in ci nama mai laushi. In zan kwanta in cire in wanke in sa a ruwa. Na bari ta gama, sannan na kwance bakin mayafina na zuba mata shanshera a kan tebur.

"Wannan fa, 'yata? Za su fasa ta?"

Ta ɗauki ƙwaya ta latsa da farce. "Mama, ba zan ruɗe ki ba. In kin danna da gaba, sai su ɗaga ta baya, ko su tsage. Ko sun fasa ta, ba za ki ji yadda kika saba ji ba, don ba su da saiwa a jikinki."

Na gode mata, don ta yi mini gaskiya. Na tattara shinkafata na danƙa wa yarinyar na ce ta watsar, na ce wa likita sai na yi shawara.

A motar dawowa an cusa mu kamar buhunan albasa. Yarinyar nan da ba ta zama kusa da ni a gida, ga ta manne da kafaɗata, kuncinta dab da kunnena, ta rasa inda za ta sa kanta. Ashe ba ta watsar da shinkafar ba. Don rashin abin yi, ta riƙa jefa ƙwaya a baki. Mun wuce gonakin bakin hanya ina ta saƙa da warwara, sai na ji ƙas a cikin kunnena, ƙara mai kaifi, irin ta wadda rana ta ci fiye da kima. Na san shanyar da na ɗebo ta, kuma haka take.

Na ce, "Ke, sake."

Ta firgita, ta ɗauka faɗa zan yi. Ta sake. Ashe duk shekarun nan rabin aikin kunne ke yi, ni ina ta yabon haƙori.

Muna isa gida ko mayafi ban cire ba, na sa ta ɗebo daga shanyar jiya da ta yau. Na rufe ido, ta kawo bakinta kunnena tana ciza. Mai danshi ba ta yin ƙara, sai wani lugub. Na faɗi kowacce daidai. Na zauna a kan turmi na yi ajiyar zuciya. Na ce mata daga yau ita ce da cizo ni ce da hukunci, kada ta ce mini komai.

Da hankalina ya kwanta sai na ga haƙoran roban ba laifinsu, ni ce na ɗora musu aikin da ba nasu ba. Na koma aka auna bakina aka yi mini. Da farko sun ba ni wuya, yawu ya yi ta zuba, sallama ma da fito take fita. Daga baya muka saba. Da su nake zuwa biki da kasuwa, na daina rufe baki da gefen mayafi, na koma cin tsire in an yanka ƙanana. Ban haɗiye su ba, kuma in atishawa ta zo a bakin kanal ina dafe baki.

Wajen kaka ta biyu, wata rana ana iska tamfol yana kaɗawa, ta ciza a kunnena, na ce a kwashe. Ta tsaya ba ta motsa ba.

"Inna, da sauranta."

Na juyo. Idonta cikin nawa, karon farko tun da aka kawo ta gidan. Na ce ta sake, na kasa kunne sosai. Da sauranta kuwa.

Na yi dariya har sai da na tare haƙoran da yatsa kada su faɗo cikin shanya. Na miƙa mata matsefin juya shinkafar, na koma inuwa na zauna.