Shef ya shiga ɗakin gefe ya kira Illa

"A sallami wancan da bai gaishe ni ba," in ji shef, wato shugabanmu, ranar da ya fara zuwa ofishinmu na Arlit.

Lokacin tawaye ne. Daga Yamai yake tafiyar da mu ta talho, mu muna shan ƙurar yuraniyom. Ta talhon ya ɗauki Illa aiki, kullum yana yabonsa.

Illa haka Allah ya yi shi: ba ya haɗa ido da mutane, doguwar gaisuwa rikita shi take yi.

Na ce, "Shef, ai Illanka ne."

Ya shiga ɗakin gefe, ya kira shi ta talho. Suka yi ta hira, bango a tsakaninsu. Maganar kora ta mutu.

Na tsufa ƙarƙashin manyan da ba sa janye magana. Ku kun taɓa ganin irin wannan?