Ɗakin da Aka Hana Mu Yaɓewa

Ban yafe wa Baturen nan ba, ban yafe wa ƙanen mahaifina ba, ni kaina ma ban gama yafe wa kaina ba.

Gidanmu na gona yana gindin dutse a hanyar Danko. Ɗakuna biyar ne zagayayyu da rumbuna, amma ɗakin kakata shi ne gidan. Kakana ya gina shi a shekararsa ta ƙarshe ta golmo, noman shekara bakwai da saurayi ke yi wa iyayen budurwa kafin a ba shi ita. Ya jera duwatsu har gwiwa, ya ɗora ginin laka a kai, ya bar ƙofa 'yar ƙarama, sai an durƙusa ake shiga. Ita kuma da ta tare, ta bi bangon da yatsu tana fitar da zane: ƙadangare, ƙwarya, da fartanya bakwai a jere. Ina budurwa nakan zauna ina ƙirga fartanyun nan, ina mafarkin ranar da wani zai sha rana shekara bakwai saboda ni.

Kowace bazara mata kan kwaɓa laka da kashin shanu da ruwan makuba, su yaɓe bangon, Kaka ta sake bin zanen da yatsa. Maza su baibaye jinka da sabon shuci. Ɗakin ya haura shekara hamsin, amma yaɓen jikinsa bai taɓa wuce shekara ɗaya ba.

Bayan an dawo daga yaƙin Bama da 'yan shekaru, kakana da mahaifina duk sun rasu, gida ya koma hannun ƙanen mahaifina, tsohon soja. Baba Saje muke ce masa. A zamaninsa wani Bature ya biyo da tafinta da akwatin ɗaukar hoto. Ya zagaya ɗakin sau uku, ya durƙusa ya leƙa, ya shafa fartanyun.

Tafinta ya ce, "Ya ce wannan kayan tarihi ne. Kada a taɓa shi, kada a sake masa komai, sai ya dawo da masu awo."

Kaka ta ce, "Tambaye shi, ya gaya wa damina?"

Tafinta bai fassara ba. Baba Saje kuwa ya ƙame, ya sara wa Bature.

Ni fa? Ni daɗi ya kusa kashe ni. Na riƙe hannun Kaka ina cewa, "Za a sa ɗakinki a littafi a Ingila! Matan Turawa za su karanta labarinki da Kaka namiji, su yi hawaye."

Ta ce, "Hawayensu zai toshe ɓaraka?"

Da bazara ta zo, Kaka ta jiƙa makuba kamar kullum. Sai ga Baba Saje cikin kakinsa, har da lambobin yaƙi a ƙirji, ya tare ƙofa.

"Inna, oda ce."

"Odar wa? Kauce, ɗan nan. A cikin ɗakin nan na haife ka, kana ihu kamar ɗan akuya."

"Inna, a Bama wanda ya ƙara nasa a kan oda, gawarsa ake kwasowa."

"To nan Bama ne?"

Bai kauce ba. Mata suka ɗauki ƙorensu suka watse.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nawa aikin. Wata safiya na tarar da Kaka a bayan ɗaki da laka a tafin hannu, tana cusawa a wata tsaga. Na tsorata kada Bature ya dawo ya ga sabon yaɓe ya fasa littafin. Da ƙafata na je na gaya wa Baba Saje. Ya zo ya kankare lakar da wuƙa, ya ce daga ranar ni ce mai gadi. Na kuwa karɓa, har ina jin kaina.

Daminar farko jinka ta fara yoyo. Ruwa ya bi bango, ƙadangare ya rasa wutsiya, fartanya biyu suka shafe. Gara ta kama tsaiko. Da lokacin girbi ya yi, Baba Saje ya taka har Zuru neman izinin gyara. Wani akawu ya ce masa Baturen baƙo ne, ya daɗe da wucewa, su ba su san da wata oda ba. Mai hankali da ya ji haka sai ya dawo ya sa a kwaɓa laka. Shi kuwa ya dawo ya ce tunda ba su suka ba da ita ba, ba su da ikon janye ta. Za mu jira mai ita.

Muka jira. Ya ɗauke Kaka da kayanta ya sa ta a ɗakinsa na kwano, inda zafi ke dafa mutum da rana, ƙarar ruwan sama ta hana shi jin maganar na kusa da shi.

Cikin markar shekara ta biyu, muna noman dawa da hantsi, muka ji rugugi daga gida. Ko da muka iso, rabin bangon ya zauna, jinka ta kifa a kai. Duwatsun kakana kaɗai ke tsaye. Baba Saje ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zai rubuta rahoto. Rahoto! Har yau ina so in san wa zai aika wa.

Na faɗi gaban Kaka ina kuka. Na ce duwatsun suna nan, laka ba ta ƙare a duniya ba, mu sake ginawa, ta sake zanen.

Ta miƙo mini hannuwanta. Yatsun sun kumbura, sun lanƙwashe, ko dunƙulewa ba sa yi.

"Da waɗannan?" ta ce. "Ko da naki? Wurin yaɓe ake koyon zane, 'yar nan. Bazara biyun da suka rage mini in kama hannunki, kin yi su kina gadina."

Ta juya ga Baba Saje. "Saje, ga oda. A kwashe ƙasar nan a kai gona, taki ce."

Kwana huɗu muna kwasa. Bature bai dawo ba, kuma a gidanmu ba a sake samun macen da ta iya zanen bango ba.