Dusar Da Toivo Ya Jira

Ƙanena Toivo bai taɓa gaba da kowa ba sai rana. In ta fito tsakiyar hunturu, mutanen garinmu na murna, shi sai ya leƙa taga ya ja tsaki, wai ta ɓata masa haske. Motar 'yan makaranta yake tuƙawa. Bai yi aure ba. Tun yana saurayi yake yawon arewacin Minnesota da kyamara a wuya, yana neman dajin birci, itatuwan nan farare tas, ya ɗauke su cikin dusar ƙanƙara.

Dazukan suka yi ta ƙarewa a kan idonsa. Wasu tsutsa ta ci, wasu zarto. Saura na bayan gidan iyayenmu, wanda ya tsiro a filin ciyawar Baba bayan gobara. Shi kuwa wannan bai taɓa ɗaukarsa ba. Wai shi ne babba, sai ranar da dusa ta cika sharaɗi: ta kwana tana zuba, ba iska, ba rana, ba ko sawun zomo.

Da aka raba gado, filin ya faɗa hannun Reino, mai bi mini. Wata Lahadi da kaka, bayan sujada a coci, muna shan kofi da burodin kirfa a kicin ɗina, Reino ya ce ya sayar wa masu katako itatuwan.

"Na Baba?" in ji Toivo.

"Na Baba da ke ruɓewa a tsaye. Ka taɓa ɗaga kai ka dubi samansu, sarkin hoto?"

"Kai dai mai tumbi, har inuwar gidanku za ka cinye!"

"Kai fa? Shekara da shekaru kana zawarcin daji, ko gaisuwar iyaye ba ka kai ba."

Na ce in zagi za su yi ranar Ubangiji, su bar mini kicin. Reino ya tsaya a bakin ƙofa yana sa hula. "Yaya, ki gaya masa. Ƙasa na daskarewa za su shigo."

Ba sai an gaya wa kowa ba. Hanyar filin ta cikin fadama ta bi, manyan motoci ba sa ratsa ta sai sanyi ya mayar da ita dutse. Sanyin da Toivo ke jira, shi suke jira.

Dusar farko ta sauka, na buga masa waya. "Toivo, je ka yau."

"Haba Yaya, wannan ai gari aka barbaɗa. Ciyawa na leƙowa."

Ta biyu, barewa ta riga shi. Ta uku, rana ta fito. Na ce masa marigayi maigidana ma cewa ya yi gobe zai gyara mini matakala, ga ta nan har yau tana rawa. Ya yi dariya, wai wa'azi ya karɓe ni. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, amma ran nan sai da na nemi gafarar Allah kan yadda na ajiye wayar.

Bayan Kirsimeti ta zo yadda yake so. Da safe ya tsayar da mota a ƙofata. "Yaya, ɗauko takalman dusa. Yau ce!"

Muka isa gidan iyayenmu, muka bi ta tsohuwar hanyar ƙafa ta bayan gida. Ya hana ni wuce shi, ya ce in riƙa sa ƙafa a sawunsa kada in ɓata wuri. Ga shiru, ga sama fara kamar madara. Muka hau tudu.

Ba daji. Kututturai ne reras, kowanne da farar hularsa, har bakin fadama. An tara gumaguman a gefe, dusar ta rufe su, ta rufe har sawun motocin. Ba a taɓa yin dusa mai kyan wannan ba.

Toivo ya ce, "Reino ya cuce ni."

"Reino ya faɗa maka a kicin ɗina, bakinsa da burodi. Ni na faɗa maka har na gaji. Nan Mama take shanya kayanmu, Toivo. Ko hoto ɗaya mai ciyawa a ciki, da ba mu da shi?"

"Yaya, ba ki gane ba. Hasken..."

Ban tsaya jin zancen haske ba. Na juya na kama hanyar mota ni kaɗai, ina taka dusar duk inda na ga dama.