Shayin Shugaban Jami'a a Deira

Shugaban jami'armu ba ya sauraron koke a ofis. Tun yana shugaban sashe haka yake. Bayan sallar asuba zai fita zaga harabar makaranta da ƙafa, mai buƙata ya bi shi yana bayani. Idan ya amince, sai ya tsaya wurin mai shayin bakin ƙofa ya saya maka kofin shayi. Idan bai amince ba, a gaban laburare zai ba ka hannu ya wuce. Ko masu shara sun san wannan.

Lokacin da ya zo taro Dubai, ina can ina digiri na uku a fannin injiniya, hutun karatun da jami'a ta ba ni kuma ya kusa ƙarewa. Ƙarin shekara ɗaya nake nema. In ban samu ba, ko dai in koma gida aikin bai kammala ba, ko in rasa kujerata.

Na same shi da sassafe a ƙofar masaukinsa a unguwar Bur Dubai, muka kama tafiya ta bakin ruwa. Zafin garin ba ya jiran rana ta fito. Ina zuba bayani ina zufa, shi kuwa dattijon ko gezau. Muka wuce shagon shayi na farko, muka wuce na biyu, bai tsaya ba.

Da muka shiga abra, ƙaramin jirgin da ke tsallaka da mutane zuwa Deira, ya tambaye ni wa ke koyar da ɗalibaina. Na ambaci wani abokin aikina.

Ya ce, "Shi ma ya samu gurbin karatu tun bara. Dawowarka yake jira. Ka sani?"

Na sani. Na mai da idona kan ruwa.

Muna sauka ya nufi wani ɗan shago ya ce a ba mu karak biyu, shayin madara na garin. Wallahi daɗi ya kusa kashe ni. Na juya baya na aika wa matata saƙo cewa ya sayi shayi.

Ya miƙo mini kofi, ya dubi fuskata, ya gane.

Ya ce, "A'a, malam, kada ka ɗauka wancan ne. Nan ba ƙofar jami'a ba ce, ƙishi kawai nake ji. Ka dawo farkon zango, ka ƙarasa rubutun a gida. Shi ke nan, khalas, kamar yadda kuke cewa a nan."

Na ji haushinsa sosai, na kuma kasa cewa bai yi daidai ba. Wayata ta yi ƙara a aljihu. Matata ce, ta ce ta riga ta faɗa wa yara ba za su bar makarantarsu ta nan Dubai ba.