Gajerar Igiya

Ɗakin yana nan har yau a gidanmu na Saminaka, a Birnin Gwari, duk wanda ya ga dama ya je ya duba. An sake masa jinka ba adadi, amma bangon bai taɓa tsagewa ba, alhali ɗakunan siminti biyu da aka gina bayansa tuni an rushe su an sake. Na faɗi wannan tun da farko ne don kada a ce son kai ya sa nake yabon ƙanena. Son kan akwai shi, ban musa ba, amma ɗakin ma yana nan.

Mu biyu Inna ta raya, ni da shi, tsakaninmu shekara tara da ƙananan kaburbura uku. Mahaifinmu ya rasu tun ƙanen nawa yana goye. Ni na yi makarantar horon malamai na dawo gida ina koyarwa a firamare. Shi kuwa ya zarce har jami'a a Zariya, yana karatun zanen gine-gine. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba a lokacin, kuma mutanenmu ko sunan wannan karatu ba su taɓa ji ba. Baffa, ƙanen mahaifinmu da ke riƙe da gidan, ya sa aka yi masa bayani har sau uku, sannan ya ce, "Wato duk wannan boko da aka sha, magini za ka zama?"

Ni ban yi mamaki ba. Yaron da in an ba shi tuwo sai ya gina ɗaki da shi, har da ƙofa, kafin ya ci. Na sha rankwashinsa a kan haka. In mun shiga daji neman itace ta wajen Kamuku, lokacin da mace takan shiga dajin nan ita kaɗai ta fito ba abin da ya same ta sai ƙaya, shi suri yake nema ya fasa ya ga yadda gara ta tsara cikinsa. Da ya yi wayo sai ya liƙe wa wani tsohon magini, mutumin Gbagyi, Kirista, daga wani ƙauye kusa da Dogon Dawa, wanda duk yankin aka sani da ginin rumbu. Tsohon bai san ko baƙi ɗaya ba, amma rumbunsa kan ga jikokin mai shi. Baba muke ce masa.

Inna tana fama da ciwon gwiwa tun ina budurwa. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zaunar da ita, ta wuni a tabarma tana kaɗi a cikin tsohon ɗakinta mai duhu da yoyo. Ba ta ganin tsakar gida daga inda take. Da ta ji motsi a zaure sai ta ɗaga murya, "Wa ya shigo?" A wuni takan faɗe shi sau talatin, ni kuwa ga gajen haƙuri. Akwai ranar da na ce mata, "Inna, akuya ce, ko in ce ta zo ta gaishe ki?"

A shekararsa ta uku, da ya zo hutun ƙarshen shekara, ya ce zai gina mata ɗaki. Ba siminti, ba kwano. Harsashi na dutse har ƙwauri, kamar yadda ake ɗora rumbu, don kada damshi da gara su hau. Bango na ƙasa, jinka mai faɗi da za ta zubar da ruwa nesa da bango, da 'yan ƙofofin iska a can sama. A shekarun nan kowa rufin kwano yake buri, shi ne alamar gida ya samu. Sai maganar ta zaga unguwa: ɗan jami'a ya dawo zai saka uwarsa a rumbu. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kin taɓa ganin dawa ta yi zufa a rumbu?"

Ya zana ɗakin a babbar takarda, da lambobi reras. Amma ya san Baba ba zai karanta ba, shi kuma zai koma makaranta. Sai ya sayi igiyar rama ya yanka gida-gida, kowace igiya da awonta. Ta tsawon ɗaki ya ɗaura mata jan ƙyalle, ta faɗi baƙi, ta tsayin bango fari, haka har guda shida. A gefen takardar ya rubuta aikin kowace. Ni zan karanta, Baba ya auna. Tsohon ya juya igiyoyin a hannu ya ce, "To, wannan turancin na iya shi."

Ana gobe zai tafi, da hantsi, ina shanya a tsakar gida sai na ji Inna ta kwatsa salati. Na ruga. Na same shi durƙushe a gefenta da guntuwar igiya, ya taka bakin igiyar ɗaya a ƙasa, ɗayan ya kai daidai fuskarta, yana ƙullawa. Inna ta fizge ta ta jefar.

"Auta, ka haukace? Ba a auna mai rai! Ka bari in mutu tukuna, sai ka zo da karanka."

Wanda bai sani ba, a wajenmu gawa ake aunawa. In mutum ya rasu sai a sami karan dawa a gwada tsawonsa, a kai wa masu haƙar kabari. Shi ya san haka sarai. Ya ɗauki igiyarsa yana dariya, ya ce, "Inna, a zaune na auna ki, ai ba a binne mutum a zaune." Ta ƙara masa da zagi, ta wuni ba ta yi masa magana ba. Washegari da zai fita ta sa masa albarka, amma fuskarta a ɗaure.

Kafin ya hau mota ya ce wa Baba in bango ya kai gwiwa a tsaya, kada a ɗora ko tubali ɗaya sai ya dawo hutun bazara. Aka yi haka. Bango ya kai gwiwa, ya bushe, muka zauna jira.

Ya dawo kwana biyu kafin hutun, kwance a bayan mota, abokansa biyu na riƙe da shi. Sanƙarau ne. Wuyansa ya sandare, ba ya gane mutane. Muka kai shi asibiti, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Shekararsa ashirin da uku. Da idona na ga an shigo da karan dawa an gwada shi, an fita da shi ta zaure. Inna ma ta gani. Ba ta yi kuka mai sauti ba, sai ta juya fuskarta bango. Na yi baƙin cikin da ban taɓa yin irinsa ba, har yau kuma ban sake ba.

Bayan sadakar bakwai hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ruwanmu ba na wasa ba ne. Bangon ƙasa da ba rufi, ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su mayar da shi taɓo. Na tada maganar gini, sai na tarar an riga an yanke hukunci ba da ni ba. Baffa ya ce a baje shi, in an gama damina a yi wa Inna ɗakin kwano kamar na mutane. Inna kuwa ta ce ko an gama ba za ta shiga ba. Ta ce awon nan shi ya kira mutuwa gidan, ta zo ɗaukarta ta yi kuskure.

Na sami Baffa a zaure, na durƙusa yadda ya kamata, sannan na ce, "Baffa, ɗakin nan za a gama shi."

"Ko arba'in ba a yi ba za ki tara maza suna kwaɓa ƙasa a gidan makoki? Me mutane za su ce?"

"Abin da suka ce da yana raye, shi za su ƙara. Ruwa ba zai jira arba'in ba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Allah ya ba ka haƙuri, Baffa, ban hau rimi ba. Takarda ce a hannuna, kuma duk gidan nan ni kaɗai ke iya karanta ta."

Rashin kunya ce, na sani, daga baya kuma na ba shi haƙuri. Amma bai hana ni ba, tashi kawai ya yi ya tafi masallaci. Na aika Dogon Dawa. Washegari Baba ya iso da 'ya'yansa uku, ya yi mana gaisuwa, ya zauna a bakin bangon. Sannan ya ce, "Malama, kawo igiya."

Na zazzage jakar da ya bar igiyoyin a ciki. Igiya bakwai suka faɗo, ba shida ba. Ta bakwan gajera ce, ba ƙyalle, sai ƙulli ɗaya. Na gane ta nan take. Na duba gefen takarda, ba a rubuta aikinta ba. Na san ko awon wace ce, abin da ban sani ba shi ne me zai yi da shi. Muka gwada ta a ƙofa, ba ta kai ba. Muka gwada ta a kaurin bango, ta yi yawa. Sai Baba ya sa yatsa a kan takardar, a bangon da ke fuskantar zaure, ya ce, "Wannan ramin fa? Duk sauran suna da ƙwari a gefensu, shi ba shi da." Lambobi yake kira ƙwari. Na duba. Taga ce, babu awo ko ɗaya a jikinta, sai kalma guda da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashi: Inna.

Baba ya shiga cikin ginin ya zauna dirshan a ƙasa, ya taka igiyar, ya miƙe ta sama. Ƙullin ya tsaya kusa da idonsa, 'yan yatsu kaɗan sama da inda bango ya tsaya. Ya girgiza kai ya yi wata magana da yarensu, sannan ya ce, "Shi ya sa ya ce a tsaya a gwiwa. Layi biyu, sai taga."

Da Baffa ya ga inda aka bar tagar ya riƙe baki. A garinmu taga a sama take, 'yar ƙarama, kusa da rufi. Ya ce wannan akuya za ta zura kai, kaji su shiga, ɗakin dattijuwa ya zama rumfar kasuwa. Maƙwabta suka ce maginin ya tsufa, ya yi kuskure. Na ce ba a taɓa ta. Na sa kafinta ya yi mata murfin katako, na ce wanda ya ga kuskure ya je ya gyara a gidansa.

Kwana goma sha tara muka yi. Ina tashi daga makaranta in ɗaura ɗamara in kama takarda. Yayyafi ya same mu sau biyu, muka rufe bango da zana da tsofaffin tabarmi. Ranar da aka ɗora jinka, da la'asar, aka yi ruwan da ya ɗage kwanon maƙwabcinmu ya kai shi gonar rogo. Na tsaya a cikin ɗakin har ruwan ya ɗauke, ko ɗigo bai sauka a kaina ba.

Saura Inna. Aka yi daɓe, ya bushe, aka yi arba'in, ba ta ko kalli wajen ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo malamin unguwa ya gaya mata ajali ba ya kuskure. Ta ce ta ji. Rannan da hantsi na gaji, na ɗauki gajerar igiyar na ajiye mata a cinya.

"Inna, ki zo ki ga abin da ya auna. In kin gani kin ce a rushe, ni da hannuna zan fara."

Ta daɗe tana murza ƙullin. Sannan ta ce in kama ta. Muka tafi a hankali, tana dogare da ni, har cikin ɗakin. Ta ja numfashi, don sanyin wurin ya ba ta mamaki. Na shimfiɗa tabarma, na zaunar da ita, na buɗe murfin tagar.

Bakin tagar ya zo daidai idonta, ba ta ɗaga kai ba, ba ta sunkuya ba. Ga tsakar gida gaba ɗaya, ga murhu, ga rijiya, ga ƙofar zaure ɗoɗar a gabanta. Haske ya sauka a cinyarta, daidai inda take riƙe mazari. Muna nan matar Baffa ta shigo da tulu a ka. Na ga bakin Inna ya motsa zai yi tambayar da ya saba, sai ya tsaya.

Ta zauna tana kallon zauren nan har la'asar, lokacin da motar Zariya kan sauke fasinja. Ban matsa daga gefenta ba.

"Na zage shi," ta ce.

"Kin sa masa albarka da zai tafi, Inna. Ina wurin."

"Da daga nan zan fara ganinsa in ya shigo."

"Daga nan ne."

Ta share fuska da bakin zane, ta ɗaura igiyar a jikin murfin tagar da hannunta. Sannan ta ce in je tsohon ɗaki in kwaso mata audugarta da mazari.